Kalalatu: Kuyanga ce ko Matar Gida?

Duk lokacin da muka sake karanta labarin Kalala da Kalalatu cikin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fara fitarwa a Zariya a 1937, sai zuciyarmu ta rabu biyu. Asalinsa tatsuniyar Jamus ce ta 'yan'uwa Grimm, inda mai dafa abinci ta cinye kaji biyu, ta tsorata baƙo da wuƙar da maigidanta ke wasawa. Imam ya yi wa labarin riga da wando na Hausa, har mu a nan Maiduguri muka taso muna ɗaukarsa gadon kakanni. Wannan gwaninta ba ma musunta.

Amma akwai abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. A Jamus baranya ce ta yi wa ubangidanta wayo, mai sauraro kuwa yana bayanta, don talaka ne ya ci ribar mai hali. Imam ya mayar da ita matar aure. Nan take dariyar ta sauya alƙibla, ta koma kan kwaɗayi da makircin mata. Mun yi dariyar, ba mu ƙi ba, sai dai ɗalibanmu mata ba su cika taya mu ba.