Karyewar Sitod a Ƙafar Gaban Babur da Yadda Makanikan Nima da Maamobi Ke Gyara Ta

Ƙafar gaban babur, wadda makanikai ke kira shoka, bututu biyu ne masu shiga cikin juna. Na sama ƙarfe ne, na ƙasa kuma, wanda ke riƙe da sandar taya, galibi da alminiyum ake zuba shi don kada ya yi nauyi. A jikin wannan na ƙasa ake ɗaure madigadi da birki, a gindinsa kuma wasu babura ke da sitod guda biyu, wato gajerun sandunan ƙarfe marasa kai masu haƙori a kowane ɓangare. Ɓangare ɗaya yana nutse cikin alminiyum, ɗayan yana leƙe a waje, a zura masa murfin da ke danne sandar taya, a ɗaure da noti. Hikimar wannan tsari ita ce alminiyum ba ya jure yawan kwancewa da ɗaurewa, don haka aka bar sitod ya zauna daram, wahalar ta koma kan notin ƙarfe.

An fi ganin irin wannan murfi a tsofaffin babura na Japan da Ingila, kamar jerin CB na Honda da kuma Triumph. Baburan da suka cika titin Nima da lungunan Maamobi na birnin Accra a yau, irin su Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya da Haojue da Apsonic ƙirar Sin, yawanci sandar tayarsu ratsa ƙafar take yi kai tsaye. Sai dai matsalar ba ta canza ba, domin notocin madigadi da na birki su ma ƙarfe ne a cikin alminiyum, kuma suna karyewa su bar guntu a rami.

Yanayin Accra yana taimaka wa karyewar. Iskar gaɓar teku tana ɗauke da laima da gishiri, ga damina biyu a shekara, babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli. Idan ƙarfe da alminiyum suka haɗu cikin danshi mai gishiri, alminiyum ne ke ciwuwa, ya fitar da wani farin gari da ke cika tsakanin haƙora har sitod ya kafe. Ga kuma aikin okada, wato haya da babur, wanda dokar hanya ta L.I. 2180 ta haramta a 2012 amma bai tsaya ba: babur yana yini ɗauke da mutum biyu ko kaya yana faɗawa ramuka, kowane duka yana sauka a gindin ƙafa. Duk da haka, babban mai laifi shi ne hannu. Sitod mai kaurin milimita 8 ba ya buƙatar fiye da ƙarfin ɗauri na nitin-mita 20 zuwa 25, mai milimita 6 kuma wajen 10, amma yaron da ya zura bututu a bakin sifana don ƙara tsawo zai ninka wannan bai sani ba.

Duk dabarun cirewa ana auna su ne da abu ɗaya, shi ne ko sun bar haƙoran alminiyum da rai. Sitod kuɗinsa kaɗan ne, ƙafa kuwa ba haka ba. Idan guntun ya leƙo sosai, ana jiƙa shi da kananzir ko WD-40, a ɗan daddoki kansa da hamma don garin ya saki, sannan a ɗaura noti biyu a matse su da juna, a juya na ƙasa. In haƙoran waje sun lalace, a goge gefe biyu da magagari a kama da filaya mai kulle. Gwani ba ya fizga. Yana juyawa gaba kaɗan, baya kaɗan, yana ƙara mai.

Wuta ce mataki na gaba. Alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, saboda haka ɗumama kewayen ramin yana sassauta riƙon. Haɗarinsa shi ne alminiyum yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke, ba kamar ƙarfe ba, don haka wanda ya saba karanta zafi da launi zai iya zubar da gindin ƙafa. Cikin shoka kuma akwai mai da robar da ke tare shi, dole a sauke ƙafar a juye man tukuna, matakin da gaggawa kan sa a tsallake.

Dabarar da makanikan Nima da Maamobi suka fi ƙwarewa a kanta ita ce walda, kuma ta cancanci yabo. Ana ɗora washa da noti mai ɗan faɗi a kan guntun, mai walda ya cika ramin notin har ya haɗe da sitod. Zafin yana ratsa guntun ya farfasa garin da ya kafe shi, notin ya ba sifana wurin kamawa, waldar ƙarfe kuma ba ta kama alminiyum. Sau da yawa notin farko yakan ɓalle, a sake, na biyu ko na uku ya fito da shi. Da yake shagon walda ba ya nisa da rumfar mai gyaran babur a waɗannan unguwanni, aikin kan ƙare a zama ɗaya.

Inda gwaninta ke rabuwa shi ne idan sitod ya karye a can cikin rami. Nan sai huji. A buga alama daidai tsakiya, a fara da siririn baki, a riƙa ƙarawa. Ƙarfe ya fi abin da ke kewaye da shi tauri, don haka bakin injin huji kullum neman zamewa yake yi zuwa alminiyum, kuma injin hannu a kan ƙafar da ba a ɗaure a matsi ba kusan kullum karkataccen rami yake bari. Akwai wani ƙarfe mai haƙorin hagu da ake murɗawa cikin hujin don ya fito da guntun. Sai dai ba abin dogaro ba ne: yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, in ya karye a ciki kuwa, bakin huji na yau da kullum ba ya cin sa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a huda har milimita 6.8, wanda shi ne ramin haƙorin sitod mai milimita 8, a tsince sauran ɓawon da tsinke, a bi da abin yanka haƙori mai tazarar milimita 1.25. Masu gyaran agogo suna da wata dabara ta daban, su jiƙa abin cikin ruwan alif mai zafi, wanda ke cinye ƙarfe ya bar alminiyum, amma tana cin kwanaki, ɗan okada kuma da kuɗin yini yake rayuwa.

Idan haƙoran sun riga sun mutu, gyara na ƙwarai shi ne Helicoil, wato naɗaɗɗiyar waya da ake zaunarwa a ramin da aka ɗan faɗaɗa, ta dawo da girman asali, har ta fi haƙorin farko juriya. Wanda ba shi da ita yakan faɗaɗa ramin zuwa milimita 10, ya kai wa mai injin dawara ya sassaƙa sitod mai kauri biyu. Wannan yana yi, muddin akwai isasshen nama a gefen ramin. Abin da ba ya yi shi ne cusa noti mai wani haƙori da ƙarfi, ko toshe ramin da gam.

Mayarwa ce raunin wannan sana'a a bakin titi. Yaro yana koyo a wurin masta da ido da hannu, abin da ke sa shi ƙware a cirewa, amma sifana mai ma'aunin ɗauri ba kasafai ake ganin ta a rumfa ba. Masu sayar da noti a Abossey Okai da dilolin babur na Caprice suna da kaya iri-iri, sai dai ba kowa ke neman mai lambar ƙarfi 8.8 ba, wasu ma dogon noti suke yanke wa kai ya zama sitod. Ƙa'idar ita ce a wanke ramin, a ɗiga maganin kulle haƙori irin Loctite, a zaunar da sitod da noti biyu ba tare da an matse shi a ƙasan rami ba. A tsofaffin Honda murfin yana da alamar gaba, kuma notin gaba ake fara ɗaurewa, ratar da ke tsakanin murfin da ƙafa ta zauna a baya. Wanda ya raba ratar biyu yana lanƙwasa sitod ɗin ne, ya shirya masa wata karyewar. Ƙafar da aka ga tsaga ta tashi daga bakin raminta kuwa ba a gyara ta, sauya ta ake yi, domin ita ke riƙe da taya da birkin gaba.