Littafin Abdulkarim Bajamushe Da Masu Cewa Da Mun Ishi Kanmu

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samari masu karatu, wai a zamanin Daular Usmaniyya ƙasar nan ba ta bukatar kome daga kowa, saboda haka yau ma sai a toshe iyaka mu ci namu mu sa namu. In ka nemi hujja, sai su jawo maka littafin Dakta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a 1851, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853. An buga labarin tafiyarsa cikin juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858.

To, 'yan makaranta, littafin ya cancanci yabo. Mutumin ya ji Hausa, ya zauna cikin kasuwa yana tambayar kuɗin kaya ɗaya ɗaya, ba ya faɗin abu sai ya auna. Shi ya kimanta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje sun kai wuri miliyan 300 a shekara, har Tambutu ana sa su. Nan masu maganar suke tsayawa su rufe littafi.

Da sun juya shafi da sun ga sauran. Wannan Abdulkarim ɗin shi ya lissafa allurai da ruwan takubba daga Jamus, da akoko daga Manchester, da duwatsun ado daga Italiya, da gishirin Bilma da ya biyo ayarinsa, da goron Gwanja. Kai, takardar nan mai alamar wata uku da malaman Sakkwato suka rubuta littattafansu a kai, a Italiya aka yi ta. Wurin da ake ƙirgen duk wannan arziki da shi kuwa, asalinsa daga tsibiran Maldif yake, can tekun Indiya. Ashe dukiyar da ya gani ta fatauci ce. Marini ba ya cika rami da baba don rigar gidansa kaɗai, haka majemin da ke gyara fatar jar akuyar Sakkwato ya san za ta ƙetare Sahara.

Inda muke ganin littafin ya gaza shi ne wajen gona. Ya yi sha'awar yadda ake saƙa a gida cikin iyali, ba kamar masaƙun Turai ba, amma bai tsaya sosai ga bayin rinji da ke noman auduga da baba ba. Arahar tufafin nan da guminsu a ciki.

Manyan ƙasashe ma sun gwada. Ingila da duk jiragenta, da yaƙin basasar Amurka ya tsai da auduga a 1861, masaƙan Lankasha suka zauna da yunwa. Jamus ta ƙudura wadatar da kanta a 1936, ba ta rabu da neman mai da ƙarfe a waje ba. Mu ma an rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, har da ta Illela. Noman shinkafa ya ƙaru, gaskiya ne, amma magidanci a Ƙofar Rini ya sayi mudu da tsada, mai albasa kuwa ya rasa hanyar Ƙonni, taki da injin ban ruwa suka ci gaba da shigowa ta teku.