Sharhi a kan Littafin Likita Dalziel na Sunayen Itatuwa

Duk wanda ya yi nufin binciken itatuwa da ciyayin ƙasar Hausa, da wuya ya yi nisa bai ci karo da sunan Likita J. M. Dalziel ba. Mutumin Sikotilan ne, ya yi aikin likita a Nijeriya ta Arewa, kuma a 1916 aka buga masa A Hausa Botanical Vocabulary a Landan. A ciki ya jera sunayen tsirrai na Hausa bisa tsarin abacada, ya gwama kowanne da sunansa na Latin, ya kuma faɗi amfaninsa. A 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa, juzu'i na farko ya fito a 1985.

Yabon gwani ya zama dole. Dalziel ya saurari manoma da masu magani a zamanin da Turawa da yawa ba su ɗauki saninsu a bakin kome ba. Ya gane Bahaushe ba ya tsayawa ga sunan itace kaɗai. Ɗorawa tana da kalwa, wadda a ke daddawa da ita, tana da makuba ta shafen gini. Giginya tana da muruci, goruba tana da kaba. Ban da haka, sunayen Hausa sun fi na Latin ɗin zama wuri guda. Gawo, wanda ke kakkaɓe ganye da damina, a da Acacia albida masana ke ce masa, yanzu kuwa Faidherbia albida. Kaɗanya ta tashi daga Butyrospermum ta koma Vitellaria. Manomi kuwa gawonsa gawo ne har gobe.

To, amma fa littafin yana da rauni iri uku, kuma lalle ne ɗalibi ya san su.

Na farko, bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba, sai a ƙamus na Bargery na 1934 aka sami wannan. Kuka ta miya da kukan jariri harufansu ɗaya ne, muryar gaɓar ƙarshe ce ta raba su. A kalma sananniya ba kome, amma sunan ciyawar da mai karatu bai taɓa ji ba, in ya faɗa wa tsoho da karkataccen sauti, sai tsohon ya ce babu ita a dajinsu, alhali tana bayan dangarsa.

Na biyu, jera suna ɗaya gaban suna ɗaya yana sa a zaci rabon Bahaushe da na masana daidai su ke. Ba haka ba ne. Gero da maiwa da dauro duk jinsi guda ne a wurin masana, amma manomin da ya ɗauki maiwa a matsayin gero ya shiga uku, don gero kan nuna da wuri ya fid da gida daga yunwar damina, maiwa kuwa sai kaka ta yi nisa. Ta ɗaya gefen kuma, namijin kaɗanya ba mijin kaɗanya ba ne, wani itace ne dabam mai suna Lophira, kama ce kawai ta haɗa su. Haka bagaruwar Makka, wadda wasu ke kiran zogale da ita, ba ta da dangantaka da bagaruwar majema.

Na uku shi ne mafi girma. Masanin tsirrai in ya tsinko reshe ya busar, sai ya rubuta wurin da ya same shi da ranar. Suna ma haka ya kamata a yi masa. Dalziel yakan nuna wannan na Sakkwato ne, wancan na Kano, amma Sakkwato a zamaninsa lardi ne mai faɗin gaske, Zamfara duk tana ciki. Wanda ya ji suna a kasuwar Nasarawa Burkullu, ko Bukkuyum, ko Anka, ko Gummi, ba shi da tabbacin itacen da a ke nufi can shi ne wanda Dalziel ya gani a wani gari shekara fiye da 100 da suka wuce.

Laifin nan ba na Dalziel ba ne kamar yadda ya ke na masu bin sa ido rufe. Ɗalibi ya ji sunan saiwa a bakin mai magani, ya buɗe littafi, ya kwafo Latin, ya rubuta cewa tana maganin shawara, bai ga ganyen ba balle furen. In an yi kuskure, wani zai kwafa daga gare shi, kuma abin da za a sha ne, ba abin wasa ba.

Gyaran ba shi da wuya. A tafi da mai ba da labarin har gindin itacen, a tsinko reshe mai fure ko 'ya'ya, a kai ɗakin ajiyar busassun tsirrai, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a tabbatar. A ɗauki muryarsa, a rubuta sunan da karin sautinsa da garin da aka ji shi. Wannan aiki ne na mutum biyu, masanin tsirrai da masanin harshe. Kuma yana son hanzari, gama rashin tsaro ya hana shiga dazuzzukan Zamfara da yawa a shekarun nan, gatarin masu gawayi bai huta ba, tsofaffin da suka san sunayen kuwa kullum raguwa su ke yi.