Mai batso da tukunyarta

Idan kaka ta yi nisa a Arewa, ƙasar Arawa, an yanke hatsi an ɗaure dammuna, an rore wake, akwai shuka guda da ake bari tsaye a gefen gona, jajayen kawunanta na sheƙi cikin rana. Ita ce yakuwa, wadda a nan yamma aka fi kira sure. Tun da damina ake tsinkar ganyenta ana miya. Jan ɓawon da ya lulluɓe ƙwallonta shi ne soɓorodon da ake jiƙawa a sha da sanyi. In an ɓare shi aka fasa ƙwallon, sai a sami ƴaƴa ƙanana, baƙi-baƙi, masu siffar ƙoda da taurin tsakuwa. Gurguzu ke nan. Baƙo zai ɗauka irin baɗi ne kawai. Matan garuruwan Arewa irin su Matankari da Kiyeshe da Gesheme da Kore Mairuwa kuwa sun san ɗanɗanon miyar shekara guda ne kwance cikin ƙwaryar nan, sun kuma san hanyar fito da shi. Abin da suke fitarwa shi ne daudawar batso, wadda Kanawa ke ce wa daddawa.

Daudawar da ta fi suna a ƙasar Hausa ta kalwa ce, ƴaƴan ɗorawa. Amma ɗorawa itaciya ce mai son ruwan sama. Tana da yawa can kudu, wajen Gaya da ƙasar Kabi, kuma in ka bi Dallol Mawri ka nufo arewa, ka wuce Tibiri ka doshi Dogon Dutsi da Dogon Kiriya, sai ka ga tana ƙaranta har ka daina ganinta. Kalwa sai an sayo ta da kuɗi, ita kuwa yakuwa tana fitowa cikin yashin da hatsi ke fitowa, ba ta neman taki mai yawa, ba ta neman ban-ruwa. Matan wannan ƙasa sun ɗauki abin da gonarsu ke bayarwa suka yi masa dabarar da ake yi wa kalwa, da ƴan sauye-sauyen da taurin gurguzu ya tilasta.

Aikin yana farawa da bakace da tsince, sannan a rege tsakuwa cikin ruwa, a wanke sau biyu ko uku har ruwan ya fito garau. Daga nan sai wuta. Gurguzu ba ya nuna da wuri. Awa takwas, awa goma sha biyu, wani lokaci ma fiye, tukunya na kan murhu, ana ƙara ruwa ana iza itacen sabara ko geza ko karan hatsi. Mata da yawa sukan ɗora da la'asar su kwana suna tashi suna dubawa. In an ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ni dai ban ga inda maganar ta zauna daram kamar nan ba. Gwajin nuna a yatsa yake: ta ɗebo ƙwaya ɗaya ta matse tsakanin babban yatsa da manuni, in ta murƙushe ba gardama, to an kai. Sai ta janye itace ta bar ruwan ya tsotse a hankali. Nan ne wurin farko da ake gane gwana. In ruwa ya yi saura, abin zai jagwaɓe ya yi ɗoyi. In ya ƙone a gindi, ƙaurin zai bi daudawar har cikin miya, ba kuma abin da ke fitar da shi.

Sai a rufe tukunya ruf, a lulluɓe ta da buhu ko tsumma mai kauri, a kai ta lungun ɗaki inda iska ba ta kaɗawa, a bar ta kamar kwana biyu. A bazara, lokacin da zafi ke gasa dutsen da garin Dogon Dutsi ya ci sunansa, abin yakan yi sauri. Da hunturu sai an ƙara lulluɓi an ƙara haƙuri. Ba agogo, ba ma'aunin zafi. Tafin hannu ake ɗorawa a jikin tukunya a ji ɗumin da ke tasowa daga ciki, hanci kuma ya yi sauran aikin. Za ka ji yarinya ta leƙa ta ce, "Inna, ai ya fara wari, a buɗe?" Tsohuwa ta sunkuya ta shinshina bakin murfin ta ce, "Bari dai, ɗiyata, bai hau ido ba tukuna." Abin da take jira shi ne wani zarni mai kaifi da ke sa ƙwalla, tare da yauƙin da ke kama ƙwayoyin su manne da juna. Tsami a wannan mataki alamar ɓaci ce, haka nan ɗoyin mushe. Tsakanin waɗannan ƙamshi uku, wanda ake so da biyun da ba a so, hancin wanda bai saba ba ba zai raba su ba. Hancinta kuwa ko cikin duhu zai raba.

Kafin wannan rana ta riga ta tanadi ruwan toka. Karan dawa ko na hatsi ake ƙonawa, a zuba tokar cikin tsohuwar tukunya mai huji ko kwando da aka shimfiɗa wa tsumma, a kwarara ruwa a sama, yana ɗiga a ƙasa ja-ja, mai santsi a yatsa. Wasu tun wajen dafuwa suke zuba shi ko su jefa kanwa don gurguzun ya yi saurin laushi. Wasu sai bayan kwana biyun nan, in an juye cikin turmi ana kirɓawa, suke yayyafa shi kaɗan-kaɗan har abin ya zama curi guda. Yawan da za a zuba, harshe ne ke faɗa. A mayar cikin tukunya, a sake rufewa ya ƙara kwana. Akwai masu turara shi a madambaci bayan haka. Daga ƙarshe a shanya a rana kwana biyu ko uku ana juyawa, a mulmula shi dunƙule-dunƙule, baƙi ƙirin. Baƙin nan har karin magana ya shiga, inda ake cewa daudawa ta gaya wa manda baƙi.

Masu binciken abinci da suka auna irin wannan aiki sun tarar da abin da ya ƙara mini ganin girman matan nan. Akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, ana kiranta Bacillus subtilis, tana zaune cikin ƙasa da ƙura da jikin ƙorai da tukwane. Tana da dabarar naɗe kanta cikin ɓawo mai jure zafi. Doguwar dafuwar nan takan kashe yawancin sauran ƙwayoyin da za su ɓata abinci, ita kuwa da danginta su suka fi samun fili bayan wuta ta mutu. Ɗumin lulluɓi shi take so. Ƴaƴan yakuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, ga kuma mai, sai ƙwayar ta kama farfasa furotin ɗin zuwa ƙananan sinadarai, cikinsu har da gulutamet, wanda shi ne ke sa harshe ya ji kamar an sa nama a miya. Zarnin da ke hawa ido amoniya ce da wannan aiki ke fitarwa, ita da ruwan toka kuma su ke kore tsami su hana ƙwayoyi da yawa masu cutarwa sakewa. Wato kowane mataki, daga tsawon dafuwa zuwa kaurin tsumma, zaɓe ne ake yi tsakanin halittun da mai aikin ba ta taɓa gani ba, kuma zaɓen nata yana faɗawa daidai. Wannan ƙwaya ita ce dai Japanawa ke amfani da ita wajen ruɓar da waken suya su yi abincinsu natto. A Japan ɗin ne ma, cikin 1908, wani malamin kimiyya mai suna Kikunae Ikeda ya ware gulutamet daga ciyawar teku ya sa wa ɗanɗanonsa suna umami. Maƙwabtanmu su ma suna yin batso da sunayensu: bikalga a Burkina Faso, datu a Mali, furundu a Sudan, mbuja a Kamaru.

Neman wannan ɗanɗano tsohuwar sana'a ce ko a Ingila, kuma tarihin girkinsu ya nuna irin nisan da mutane ke zuwa dominsa. A ƙarni na 18, abin da suke kira kechap ba na tumatir ba ne. Ruwa ne baƙi mai gishiri da ake tatsowa daga naman kaza ko ƙananan kifaye da aka bari suka tsimu, dabarar da fatakensu suka gano a gabashin Asiya. Littafin girkin Eliza Smith na 1727 yana ɗauke da yadda ake haɗa shi. A 1837 wasu masu kantin magani biyu a garin Wusta, John Lea da William Perrins, suka fara sayar da wani ruwan ɗanɗano da ya haɗa kifi da albasa da tafarnuwa da ruwan khal da tsamiya, irin tsamiyar da muke kunu da ita, ana barinsa watanni yana tsima kafin a ɗura a kwalba. Har yau ana sayar da shi da sunan Lea & Perrins. A 1902 aka fara yin Marmite daga ragowar yis na masana'antun giya, baƙi mai kauri mai ƙarfin ƙamshi, wanda su kansu Turawan Ingila suka rabu biyu a kansa, masu so da masu gudu. A 1910 dunƙulen Oxo ya fito, shekara biyu bayan na Maggi a Suwizalan. Duk abu guda suke bi: yadda miya marar nama za ta yi ɗanɗanon nama. Su sai da kifin teku da jiragen ruwa da masana'anta. Matar Arewa kuwa da gurguzu da toka da tukunyar ƙasa ta kai inda suka kai.

Akwai ma Baturen da ya ɗanɗana daudawar kalwa ya yaba. Hugh Clapperton, wanda a ƙasar Hausa aka sani da Abdullahi, ya isa Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayanin da ya kai gida ya nuna yadda ake ruɓar da kalwa a daka ta a yi dunƙule, ya kuma ce tana gyara kowane irin abinci. A 1826 masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia don tunawa da wani matafiyin Bature, Mungo Park. Kalwa ta shiga littattafan Turai tun lokacin, batso kuwa ya daɗe bai samu wannan gata ba, wataƙila don an ɗauke shi daudawar talaka.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta ratsa ƙasar Arawa. Yarjejeniyar 1898 ta bi tsakiyar Dallol Mawri, sai ta 1906 ta ja layin zuwa kusan inda yake yau. Shi ya sa mai shayi a Dogon Dutsi yakan yanka maka dogon burodin Faransa, ɗan'uwansa a Kangiwa ta jihar Kabi kuma ya miƙo maka mai kusurwa huɗu irin na Ingila. Burodi ya bi tuta, amma tukunyar miya ba ta bi ba. Ƙamshin da ke tashi daga madafa da magariba a ɓangarorin biyu iri ɗaya ne.

Dunƙulen kanti ya shigo, ba kuma wanda zai ce bai sauƙaƙa wa mata ba, tunda murzawa kawai ake yi. Sai dai galibinsa gishiri ne da gulutamet na masana'anta, ɗanɗanonsa yana zuwa da sauri ya wuce da sauri. Batso abinci ne shi kansa, da furotin ɗinsa da mansa, a gidan da nama sai ranar suna ko Sallah. Yin amfani da shi ma sai an iya. Da yake ba a cire masa ɓawo kamar kalwa, mai girki takan gutsuri kaɗan ta jiƙa cikin ruwan ɗumi, ta murje da yatsu, ta tace, ruwan nan mai kauri shi ke shiga tukunya. Da wuri ake zuba shi, tare da tonka da albasa da gishirin Foga, a bar shi ya tafasa sosai har zarnin ya tashi ya bar ƙamshi zalla, sannan a kaɗa kuka ko busasshen guro. Wanda ya zuba shi a ƙarshe zai ce batso wari gare shi. Wanda ya ci na gwana da tuwon hatsi mai zafi zai ji ɗanɗano mai zurfi da ke zama a bayan harshe, da ɗan ɗaci-ɗaci da ƙamshin hayaƙi, har bayan an wanke hannu.

Dunƙulen da ya bushe da kyau yakan yi watanni cikin tulu ko gwangwani bai canza ba. Wanda ya ragu a kan na gida kuma a jera shi a faifai a kai kasuwa, kuɗinsa na mai yin ne, da shi take sayen sabulu da gishiri da littafin ɗan makaranta. Mai saye ba ta tambayar nauyi. Takan ɗauki dunƙule ɗaya ta ɓalli gefensa ta duba cikin, ta kai hanci, sannan ta tambayi daga wane gari aka kawo.