Hukuncin Masu Karatun Nishaɗi a Ƙasar Kura da Bunkure

Tun daga shekarar 1933, lokacin da Rupert East ya shirya gasar da ta haifi *Ruwan Bagaja* da *Ganɗoki* da *Shaihu Umar*, masu nazarin ƙagaggun labarai na Hausa sun fi mai da hankali ga abu biyu, watau marubuci da littafinsa. Na ukunsu kuwa, shi mai karatu, ba a cika waiwayarsa ba, alhali littafi ba ya daɗewa sai a bakin waɗanda suka karanta shi suka ba juna labarinsa. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa hirar da masu karatun nishaɗi ke yi a kan littattafai sharhi ce mai ma'auni nata, sa'an nan a nuna inda ma'aunin ya gaza.

Ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, kudu da birnin Kano, ta dace da wannan nazari. An gama gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da kewaye, noman rani na shinkafa da alkama da tumatir da albasa ya kafu. Kuɗi suka riƙa shiga hannun talaka a lokacin da dā ake zaman jiran damina ko tafiya ci-rani. Matan Kura kuma suka yi suna wajen turara shinkafa da cinikinta. A 1976 aka soma shirin ilimin firamare na bai ɗaya, a 1980 kuma Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya. Saboda haka sa'ad da littattafan soyayya suka ɓullo a Kano a tsakiyar shekarun 1980, sun tarar da abu uku a wannan yanki: masu iya karatun boko, da ɗan abin saye, da hanyar mota mai kaiwa birni a dawo a yini guda.

Yadda littafi ke yawo a irin wannan wuri shi ne tushen sharhin. Kwafi ɗaya kan bi hannu da yawa, ta hanyar aro ko ta haya. Wadda ta iya karatu takan karanta wa wadda ba ta iya ba, gidajen rediyo kuma suka ɗauki karanta littattafan ga masu sauraro. Mafi yawansu kashi-kashi ake fitar da su, na ɗaya da na biyu da na uku, don haka akwai tazara tsakanin kashi da kashi wadda mahawara ke cikewa. Har wa yau marubuta sukan sa adireshinsu a jikin littafi, wasu su buga wasiƙun masu karatu, ta yadda ra'ayin mai karatu kan iya isa ga marubuci tun bai rufe labarinsa ba. Yanzu karatun ya koma cikin wayar hannu ga mutane da yawa, amma tambayar da ake yi wa wanda ya riga karantawa tana nan yadda take: yaya littafin yake?

Amsar wannan tambaya kan tsaya bisa ma'auni uku. Na fari shi ne daɗi, watau ko labarin ya hana mutum ajiye shi. Na biyu shi ne kama da gaskiya, ko abin da aka faɗa yana aukuwa a gidajen mutane. Na uku shi ne darasi, ko an saka wa mai haƙuri, an kuma hukunta azzalumi. Ba sababbin ma'aunai ba ne, gama da su ake auna tatsuniya a dandali, da su kuma ɗalibai suka karɓi *Magana Jari Ce* ta Abubakar Imam.

Littafin Balaraba Ramat Yakubu, *Alhaki Kuykuyo Ne* (1990), ya isa misali. Rabi tana da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai ƙuntata wa iyali. Ya auro Delu, ya saki Rabi, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, har 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri. Daga bisani gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, aka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. A nan ma'auni biyu suka yi karo. Ta fuskar kama da gaskiya ƙarshen daidai ne, domin haka dangi ke yi. Ta fuskar darasi kuwa akwai ƙorafi, domin wadda aka zalunta ita aka ɗora wa jinyar wanda ya zalunce ta. Macen da ke ciyar da gida da tukunyar turara shinkafa ta fi kowane malami sanin nauyin abin da Rabi ta bari da ta koma. In ta ce ba a kyauta wa Rabi ba, ta kama ainihin ƙullin littafin, wanda masana suka tattauna, musamman bayan da Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012.

Haka kuma *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Sumayya 'yar masu hali ta so Muhammad talaka, aka nemi haɗa ta da mai kuɗi, ta faɗa rijiya. Dattawa suka ga littafin yana koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, matasa kuwa suka ga gargaɗi ne ga iyaye a kan auren dole. Ɓangarorin biyu da ma'aunin darasi suka yi awo, sai dai sun saɓa a kan wanda aka yi darasin dominsa.

Masana ma sun yi tasu mahawarar. Ibrahim Malumfashi ya soki waɗannan littattafai da sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su a jaridar *New Nigerian* a ƙarshen shekarun 1990. A 2007 har aka ƙona wasu littattafan a bainar jama'a a Kano, da hujjar kare tarbiyyar ɗalibai. Abin lura shi ne duk wannan taƙaddama a kan mai karatu aka yi ta, ana cewa za a ɓata shi ko za a wayar da shi, amma da wuya a ji muryarsa a ciki.

Duk da haka, bai kamata a ɗaukaka sharhin zaure da tsakar gida fiye da matsayinsa ba. Babban rauninsa shi ne yakan ɗauki mutanen cikin labari kamar maƙwabta, a zagi Delu, a tausaya wa Rabi, a manta cewa wani ne ya ƙaga su ya kuma zaɓi makomarsu. Ba ya cika duban zubi da tsari, ko tsawaita labari don a sami kashi na uku, ko aron salo daga finafinan Indiya. Kuma son a ga sakamako yakan sa a fifita littafin da ya faranta rai a kan wanda ya faɗi gaskiya mai ɗaci.

A nan aikin malaman kwalejojin horon malamai ya shigo. Ɗalibin da ya fito daga Kura ko Bunkure ba da hannu rabbana ya zo aji ba. Ya zo da ma'auni uku da ya koya wurin yayyensa da abokan hirarsa. Kuskure ne a umarce shi ya zubar da su a ƙofa, ya haddace jigo da salo da warwara ba tare da sanin amfaninsu ba. Abin da ya fi shi ne a fara da tambayar da ya sani, ko an kyauta wa Rabi, sa'an nan a kai shi ga wadda bai saba ba: me ya sa marubuciyar ta mayar da ita, kuma da wace dabara ta sa mai karatu ya ji zafin komawar? Ɗalibin da ya iya amsa ta biyun ba tare da ya rasa zafin ta farin ba, shi ne zai iya koyar da adabi.