Jigon Shanyewa da Alamtarwa a Cikin *Dubliners* na James Joyce

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin yadda James Joyce (1882-1941) ya ɗora nauyin jigo a kan alamtarwa a littafinsa *Dubliners*, wanda aka buga a 1914. Littafin ya ƙunshi gajerun labarai 15 game da mazauna birnin Dablin, lokacin da ƙasar Ayalan ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Babban jigonsa shi ne shanyewa, wato halin mutumin da ya ga ƙofar fita amma ya kasa ɗaga ƙafa.

2.0 Warwarar Jigo

Labarin farko, "The Sisters", ya buɗe da mutuwar Fada Flynn, limamin cocin Katolika da ciwon shanyewar jiki ya kwantar. An nuna cewa rikicewarsa ta faro ne daga ranar da ya fasa ƙoƙon ibada. Ta haka marubucin ya mai da cutar mutum ɗaya alamar raunin cocin da jama'a suka dogara da shi.

A labarin "Eveline" kuwa, shanyewar ta bar jiki ta koma zuciya. Tauraruwar budurwa ce da ke fama da uba mai zafin hannu, ga kuma saurayinta Frank zai tafi da ita Ajantina. Ƙurar labulen da take shaƙa a bakin taga tana alamta tsohuwar rayuwar da ta lulluɓe ta. Da suka isa tashar jirgin ruwa sai ta ƙanƙame ƙarfen shinge ta ƙi motsi. Ba wanda ya tare ta. Alkawarin da ta ɗaukar wa mahaifiyarta da tsoron baƙunta su suka ɗaure ta.

Labarin ƙarshe, "The Dead", ya faɗaɗa jigon. Gabriel Conroy mutum ne mai ji da iliminsa. Bayan liyafa sai matarsa Gretta ta bayyana masa cewa har yanzu tana tuna Michael Furey, saurayinta da ya mutu yana ɗan shekara 17, bayan ya tsaya cikin ruwan sama don ya gan ta alhali ba shi da lafiya. Nan Gabriel ya gane mamacin ya fi shi rai a zuciyarta. Dusar ƙanƙarar da ke sauka a kan rayayyu da matattu ita ce ta rufe labarin. Ana iya ɗaukarta a matsayin likkafanin ƙasa baki ɗaya. Amma wannan marubuci na ganin alamar sassauci ce, domin a nan ne Gabriel ya fara kallon wani ba kansa ba.

3.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa Joyce bai yi wa mai karatu wa'azi ba. Ƙoƙo da ƙura da ƙanƙara su suka isar da saƙon. Shi kansa ya bar Ayalan a 1904, wato ya shiga jirgin da Eveline ta kasa shiga.