Kotun da ba ta da muhuti

Ɗan yayata ne ya tono mini wannan magana. Yana aji uku a jami'a can Samaru, injiniya yake karantawa, amma rabin hankalinsa yana wajen rubuta labari. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo ni gida nan Kwarbai, muka shimfiɗa tabarma a zaure, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, duba mini wannan babin, nan ne aka yi shari'ar."

Labarin wata duniya ne can bayan taurari, mutanenta masu ido shida da fata irin ta kada. An kashe wani babba a cikinsu, an kama wanda ake zargi. Na gyara zama, don ni da zarar labari ya shiga kotu an sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Sai ga mai bincike ya shigo da baƙin tabarau (ido shida, tabarau ɗaya, ban dai tanka ba), ya danna wani maɓalli, na'ura ta hasko a jikin bango duk abin da ya faru daren kisan, har da abin da mai kisan yake saƙawa a ransa. Alƙali ya buga guduma, aka jefa mai laifi cikin rana ya ƙone. Shafi biyu da rabi, an tashi.

Na ce masa, "Wa ya rubuta abin da aka faɗa a zaman?" Ya ce na'ura. Na ce, "Wa ya shaidi na'urar?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ai ba ta ƙarya." Na ce to ka kashe labarinka tun kafin alƙali ya zauna.

Ba shi kaɗai ba ne. Cikin 'yan shekarun nan labaran da matasa ke turo mini ta WhatsApp sun fara sauya kama. A da daga soyayya sai aljanu sai 'yan fashi, yanzu kuwa ga masu ƙaga duniyoyi sukutum, da harshensu da sarautarsu da kuɗinsu. Ina murna da wannan, kuma ba na kallonsa a matsayin baƙon abu. A nan Zariya kamfanin ɗab'i na NNPC ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, shekarar da mutum ya taka wata, inda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya yi sama da shi. Hanya ce da aka share aka bari ciyawa ta rufe, yanzu yara sun dawo suna sassabe. Inda nake da ƙorafi wuri ɗaya ne. Duk sanda rigima ta tashi a waɗannan duniyoyin aka tafi gaban hukuma, sai marubucin ya ajiye ƙirƙirarsa a bakin ƙofa, ya ɗauko kotun fim ɗin Amurka ya dasa: lauya mai tsawa, ɗan sanda mai tabarau, da na'urar da ta san gaibu. Mutum ya ɓata wata guda yana tsara yadda halittunsa ke numfashi, amma bai ba da minti goma ga yadda suke gane mai gaskiya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kayan aikin yana nan a bakin ƙofarmu. Daga zauren da muke zaune zuwa ƙofar fada 'yar tafiya ce da ƙafa. Babban masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, an haɗa shi da ɗakin shari'a tun a zanen farko. Alƙalan garin nan sun yi ƙarni suna aiki da Risala da Mukhtasar da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, mutumin Garnaɗa da ya rasu a 1426, kuma mai duba babin shaida a littattafan nan zai ga mutanen da suka kwana suna tunanin tambayar da ɗan yayata ya tsallake.

Ɗauki tazkiyya. A wajen malaman Malikiyya, mutum biyu su zo su ce mun gani bai wadatar ba, sai an san su wane ne. Akwai masu tsarkake shaida a fili, akwai kuma wanda alƙali ke da shi a asirce, ya shiga unguwa da kasuwa yana tambayar halin mai shaida ba tare da an san aiken wa yake yi ba. To wannan ba mai bincike ba ne? Ga shi ba bindiga, ba tabarau, aikinsa ya gano ko wane yana biyan bashi, ko yana da tsohuwar gaba da wanda zai yi shaida a kansa. Har mutunci ake aunawa. Malaman da sun lissafa cin abinci a tsakiyar kasuwa cikin abin da ke zubar da muru'ar mai daraja (da za a riƙe wannan a yau, da mu masu tsayawa wajen mai tsire a Tudun Wada duk an sallame mu). Bayan haka a juya ga wanda ake ƙara a tambaye shi ko yana da suka a kan shaidun. Kafin a yanke hukunci kuma sai an yi i'izari, a tambayi wanda hukunci zai hau kansa, a gaban shaidu, ko yana da sauran hujja. Har gobe kotunan ɗaukaka ƙara na rushe hukunci saboda an tsallake wannan tambaya guda.

Sai muhuti. Sunan daga mufti ya samo asali, amma a kotunan alƙalai na ƙasar Hausa shi ne na gefen alƙali, mai alƙalami, wanda maganar baki ke zama rubutu a hannunsa. Ina yaro akwai wani tsoho a bayan gidanmu da ya yi wannan aiki a ƙarshen zamanin En'e. Idonsa ya riga ya yi rauni lokacin da na san shi, mu ne masu karanta masa wasiƙa. In na karanta da sauri sai ya ɗaga hannu ya ce, "Koma baya. Cewa ya yi zai zo, ko cewa ya yi yana so ya zo?" Wata rana ya ba ni labarin wasu maƙwabta biyu da suka kai ƙara kan indararo, ɗaya ya ce ruwan soron ɗan'uwansa ne ke cin gindin katangarsa. Alƙali ya tura shi ya gano. Ya je da rani, ba ko ɗigon ruwa a sama, ya sa aka hau soro da tulu biyu aka tuttule, ya tsaya ya ga inda ruwan ya bi, ya auna da taki. Na ce, "Allah gafarta Malam, sai ka rubuta wane ne da laifi?" Ya ce a'a, ya rubuta inda ruwa ya sauka da taki nawa ne zuwa katanga. Laifi na alƙali ne ya faɗa.

Sai da na girma na ɗanɗana abin da tsohon yake gudu. An taɓa kirana shaida a wata kotu kan gonar wani ɗan'uwanmu da ya rasu. Na faɗi abin da na sani, cewa marigayin ya ara wa wane gonar ya noma. Mai rubutu, wani saurayi da ke ta duban agogo, ya rubuta "ya ba shi". Da aka karanta mini na ce ba haka na ce ba, ya ce ai duk ɗaya ne. Ina fa ɗaya! Bahaushe ya raba aro da rance, ya raba jingina da ajiya, ya raba kyauta da saye, kuma kowace kalma a cikinsu gona ce ta tafi ko ta dawo. Da na yi kawaici na sa hannu, da marayu sun rasa gadonsu ta bakina, da kalmar da ban furta ba. Aka gyara, yana tsaki. Tun ranar, in na ga kotu a labari ko a fim, idona ba ya kan alƙali, yana kan mai rubutu.

Kada a ɗauka ina cewa kotunan da aljanna ce. 'Yan NEPU sun sha ɗauri a hannun wasu alƙalan En'e cikin shekarun 1950, kuma kukan da aka yi ta yi da tsarin yana cikin abin da ya kawo dokar Final Kod a 1960, daga baya aka karɓe kotunan daga hannun En'e a 1968. Shaidar zur kuwa, wa bai san ana sayenta ba? Amma ai wannan ma abincin marubuci ne. Muhutin da aka matsa wa ya canza kalma ɗaya, mai tazkiyyar da ya gano shaidan surukin sarki ne, waɗannan su ne mutanen da mai karatu zai hana idonsa barci dominsu. Na'urar da ba ta kuskure ba ta da abin da za ta ji tsoro, shi ya sa ba wanda ya damu da ita.

Marubutan waje da suka iya aikin sun gane haka. Robert Heinlein, a littafinsa na 1961 kan mutumin da ya tashi a duniyar Mars, ya ƙago wata sana'a ta ƙwararrun shaidu waɗanda aka horar kada su faɗi komai sai abin da idonsu ya gani, ko launin gida aka tambaye su sai su tsaya kan ɓangaren da ke fuskantarsu. Da na karanta sai na tuna tsohonmu da tulunsa. Frank Herbert kuma ya ƙago wasu halittu masu kama da kwaɗi, Gowachin, waɗanda a kotunsu har alƙali da lauya ransu na kan siraɗi. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Ted Chiang. A wani gajeren labari da ya fitar a 2013 ya jera abu biyu: wata na'ura ta nan gaba mai adana duk abin da mutum ya gani a rayuwarsa, da wani saurayin Tibi na zamanin Turawa da ya koyi rubutu ya zama magatakardan kotu, ya tarar takarda na faɗin abu ɗaya dattawa na faɗin wani. Ba'amurke ya tsallako har Binuwai neman abin da zai gina labarin kimiyya a kai, mu kuwa muna zaune a kan namu muna hangen Holiwud.

Na ce wa yaron, bari mu gwada da duniyarka. Ka ce mutanenka uwa ɗaya ke haifarsu duka, kamar gara ko zuma. A fiƙihunmu ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa. To a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne ciki ɗaya, wa zai yi shaida? Dole su nemo bare, ko su ware wasu tun suna ƙwai a raine su nesa da dangi don wannan aiki kawai. Ga babi uku nan ka samu, har da kukan wanda aka raba da uwarsa don ya zama mai gaskiya. Ka ce da ƙamshi suke magana. Ƙamshi kuwa gushewa yake, to mai adana shaida tsere yake da iska, kuma mai son ɓata shari'a buɗe taga kawai zai yi. Wannan ma yana da ɗan'uwa a wajenmu: Malikiyya na karɓar shaidar yara a junansu kan rauni, amma da sharaɗin ba su watse ba kuma babba bai shiga tsakaninsu ba, don an san maganar yaro ba ta kwana yadda take. Sai nisa. Malamai sun kasa rashin halartar wanda ake ƙara gwargwadon kwanakin tafiya, na kusa da hukuncinsa, na nesa da nasa. Haske da kansa sai ya yi fiye da shekara huɗu kafin ya iso mana daga tauraro mafi kusa da rana. In wanda ake ƙara yana can, sammaci shekara huɗu, amsa shekara huɗu, ta yaya za a yi masa i'izari? A jira, ko a yanke a ajiye masa hujjarsa? Ya yi shiru yana ta latsa waya, na ɗauka ya gaji da ni, ashe rubutawa yake.

Ya ɗago ya kawo hujjar da na san za ta zo, cewa duniya ta ci gaba, yau ko a nan Zariya abu kaɗan ya faru sai ka ga wayoyi sama ana ɗauka. Gaskiya ne, kuma ban ce a kori na'ura daga labari ba. Amma ko dokar shaida ta Nijeriya ta 2011, da ta buɗe ƙofa ga abin da kwamfuta ta fitar a sashe na 84, ba ta ce a ɗauka ido rufe ba, sai an nuna na'urar tana aiki daidai, mutum ya tsaya ya ɗauki nauyin hakan. Tazkiyya ce aka yi wa ƙarfe. Balle yanzu da ake haɗa muryar mutum da fuskarsa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Wayar da ta ɗauki mari ba ta ɗauki zagin da ya riga shi ba, kuma wani ne ya zaɓi inda zai fara ɗauka. In na'urarka tana hasko zuciyar mai laifi a bango, ina so in san wa ke goge ta, wa ke riƙe da mabuɗinta, ɗan wane gida ne, nawa ake biyansa.

Bayan mako uku ya sake turo babin, ya kai shafi goma sha tara. Na'urar tana nan, amma yanzu akwai wata tsohuwa mai kula da ita, ido biyu cikin shidanta sun mutu, ita ke maimaita wa kowane mai shaida maganarsa kafin a rufe. A tsakiyar zaman ta ƙi rufe maganar wani babban hafsa, ta ce abin da ya faɗa da safe ba shi ne na yamma ba. Na karanta har na manta shayina ya huce. Na kira shi na ce saura abu biyu: ba a yi wa wanda ake zargi i'izari ba, sannan mai binciken nan har yanzu da tabaransa. Ya ce i'izarin zai saka a daren nan. Tabarau kuwa, ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan ba zan cire ba."